Masar sadakar ɗan Goggo

Shekarar da aka watse daga Mubi, Goggo, ƙanwar babanmu, ta iso gidanmu a unguwar Luggere ta Jimeta da zane ɗaya a jikinta, ƙafafu a kumbure. Ɗanta, saurayi mai gyaran babur, bai iso ba. A hanya suka rabu, ya koma ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Ba wanda ya ga gawarsa, ba kuma wanda ya gan shi da rai.

Ba a jima ba unguwa ta ɗauki tsegumi: wai yaron ya bi 'yan ta'adda daji. Matan da ke shigowa aron turmi suka ɗauke ƙafa. Abin ya dami Bappa, yayan babanmu, ma'aikacin gwamnati a Yola mai tsananin tsoron bakin mutane. Ya zo ya zauna a kujerar Baba, ya ce a yi wa yaron sallar gawa ba gawa, a yi sadaka, magana ta mutu.

Goggo ta ce da yayan nata, "Hamma, ɗana bai mutu ba fa."

Ya ce, "Ki yi tawakkali. Ina imaninki?"

Har yau in na tuna yadda ya jawo imani ya rufe tsoronsa da shi, raina ɓaci yake. Gara masa a ce yaron ya mutu da a nuna gidanmu da baki.

Aka yi. Aka soya masar sadaka tuli, aka shimfiɗa tabarmi har waje. Waɗanda suka guje mu su ne a sahun gaba, bakinsu duk mai, suna gardamar tsadar albasa a kasuwar Jimeta. Kowace ta durƙusa gaban Goggo ta ce Allah ya ji ƙansa, Goggo ta dube ta kawai, ta ƙi cewa amin. Wata ta ja ni gefe, wai baƙin ciki ya taɓa wa Goggo kai. Ta kuma roƙi leda za ta kai wa yara.

Ni ban iya kai ko loma ba, ƙyama ta cika ni.

Da kowa ya watse, na tarar da Goggo a bakin ƙofa tana leƙen titi kamar kullum. Ba ta juyo ba ta ce da ni, "In ya dawo, wa zai gaya masa an ci sadakarsa? Ni kam ba zan iya ba."