Fensirin Baba Mai Allura

Shekara talatin da huɗu ke nan, ƙarfe bakwai da rabi na safe bai taɓa samun Baba Mai Allura a hanya ba. Zai jingine kekensa a bayan ɗakin ajiyar ƙwari na cibiyar binciken noma, ya buɗe tagogi, ya bi durowa ɗaya bayan ɗaya yana duba busassun ƙwarin da ya soke da allura. Matarsa kan ce ita dai warin kafur ta aura, mijin gyara aka yi mata.

Gwanintarsa a kan ƙwarin nan ne masu dogon ƙaho, masu huda itace. Su kuwa 'yan rainin hankali ne. Biyu za su zo maka kamar an tsaga kara, alhali ɗaya ɗanyar bishiya yake kashewa, ɗayan busasshen reshe kawai yake ci. Shi ya sa Baba ke da doka: ba ya rubuta sunan ƙwaro da biro sai ya juya shi rigingine ya duba cikinsa. In bai gamsu ba, fensir ne.

Bara wata dattijuwa, Inna mai lambu, ta kawo ƙwaro a kwalbar magani. Sabon daktan cibiyar ya buɗe littafi, ya ga hoto, ya ce ai mai kisan ne, dole a sare mangwarorinta sittin kafin ya bazu. Har an sa wa masu zarto rana. Inna ta zauna a benci tana roƙon a bar mata su, don marigayi mijinta ne ya dasa su, da su kuma take riƙe da jikokinta.

Baba ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ka juya shi kuwa?"

"Haba Baba! Ga hoto, ga suna."

"Ai bayansa aka ɗauka, ranka ya daɗe."

Ya jawo wata tsohuwar durowa. Ga ƙwari biyu, suna ɗaya, yadda littafin ya haɗe su. Amma na ɗaya da biro aka rubuta, na ɗayan da fensir, da alamar tambaya, shekara ashirin tana nan. Ya juya su. Mai kisan cikinsa sumul, ɗayan yana da farin gashi. Aka juya na Inna, sai ga farin gashi!

Dakta ya share zufa, ya ɗauki mota da kansa zuwa lambun. Ko rami ɗaya bai samu a ɗanyen itace ba. Ya dawo yana dariya, ya ce a ara masa fensir.

Baba, kai ne ka zauna da alamar tambaya shekara ashirin ba ka ji kunyar cewa "ban tabbatar ba tukuna". Wallahi ka burge mu, mu abokan aikinka. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma masu saurin ɗaukar biro, mu riƙa juya abu kafin mu yanke masa hukunci.

Shekaranjiya Inna ta iso da kwandon mangwaro, ta ce, "Malam, ga na bishiyoyinka." Baba ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya duba ƙasansa da kyau, sannan ya kai baki.