Matar da Ta Kwance Munzali

Kun gan ta, kada ku ce ba ku gan ta ba. Kowace safiya tana bayan ɗan acaɓa a hanyar garin Babban Mutum, jakar magani a cinya, gwiwa ɗaure da ƙyalle. Kuka ce mata sannu da aiki, kuka koma kan shayinku.

Inna Kubura ke nan, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Ƙuruciyarta ta ƙare wajen faɗa da magana ɗaya: wai farfaɗiya wata take bi. Da jinjirin wata ya tsaya, sai a sa wa mai ciwon marin ƙarfe a ƙafa, a ba shi ƙwayar da aka adana. In wata ya yi ƙwari a kwance shi, a mayar da maganin cikin kwalla, kada a yi asararsa.

A haka ta tarar da Munzali, saurayi makiyayi, ɗaure a gindin darbejiya, idon sawunsa duk miki.

"Malam Abbas," ta ce wa uban, "wannan ɗanka ne ko ragon layya?"

"Haba Inna, ke ma kin san wata ya kama."

"To ranar da ya faɗa murhu da rana tsaka fa? Watan ne ya sauko ya tura shi?"

Ta zauna kan turmi ta yi masa bayani. Masana sun bi diddigin marasa lafiya masu ɗimbin yawa, ba su sami hujja mai ƙarfi cewa wata ke tayar da farfaɗiya ba. Wasu dai sun ga farin wata na rage barci. Abin da ke kayar da Munzali shi ne tsallake magani.

Aka cire marin. Ta riƙa leƙowa, sai ta ga ya haɗiye ƙwayar take tafiya. Munzali ya daina faɗuwa, har ya koro shanu zuwa kasuwar Mai'adua, masu gudunsa jiya suna ba shi hannu.

Ke ce uwar waɗanda aka ɗaure, Inna. Ke kika ci abinci kwano ɗaya da su lokacin da danginsu ke ware musu moɗa. Mun gode, Allah Ya biya ki, don mu dai ba mu biya ki ba.

Bana gwiwa ta ƙi, ta ajiye aiki, kuma babu wanda ya gaji jakarta. Kwanan nan labari ya iske ta: marin ya koma ƙafar Munzali, maganin ya koma kwalla. Da ta ji, sai ta ce, "Ashe kunyata suka ji, ba maganata ba."

Ku kuma 'yan boko, da kuke karanta binciken nan a waya kuna gyaɗa kai, me kuke jira? Wannan watan ya kusa mutuwa, wani zai tsaya. Ku hau babur ku riga shi isa gidan Malam Abbas.