Tukunyar Gwangwanayena

A gidanmu na Yakasai gwangwani ba ya mutuwa a banza. Na madara ya koma na awon shinkafa, na tumatir a zuba masa kanwa. Saboda haka da na fara jera gwangwanayen lemo a kabet ɗin ɗakina, mahaifiyata Hajiya ta ɗauka akwai abin da nake shirin yi da su. Ta zuba ido, ta ji shiru.

Ni kuwa kallo kawai nake so, kuma abin ya shiga raina ba kaɗan ba. Lokacin ina koyarwa a firamare, ban yi aure ba. Ba na kula irin waɗanda ake samu a kowane shago, sai baƙi: mai rubutun Larabci, mai rubutun Sin, wanda wani alhaji ya sha a jirgi. Wajen 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa nake samowa, kuma dole in yi sammako, domin da an zazzage buhu tattakewa suke yi su ɗora a sikeli. A nan na koyi saye. Ba a nuna wanda ake so, sai a cusa shi cikin munana a taya tarin gaba ɗaya. Wanda ya lotsa ba na ɗauka, haka wanda rana ta koɗar.

Sharaɗi na ƙarshe, sai na shinshina. Buhunan har daga otal-otal suke zuwa, kuma gwangwanin giya, abin haushi, ya fi kowanne ado. Tunda ba kowane rubutu nake iya karantawa ba, hanci ne alƙali. In na ji tsami, in yi a'uziyya in jefar.

A haka aka gan ni. Wani maƙwabcinmu da ya je sayen rodi ya hango ni a tsugune, ido a lumshe, hanci cikin gwangwani. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka malamin makaranta ya fara shaye-shaye.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, ta zo ɗakina ta zauna. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, har na ɗauko wanda na fi ji da shi, wani shuɗi mai zanen dawisu, na miƙa mata. Ta leƙa ciki, ta tambayi abin da zan zuba. Na ce ba komai. Ta ce Allah ya shirya, ta fita.

Da hutu aka tura ni kwas Zariya. Na dawo na tarar da kabet wayam, an goge shi ƙal. A tsakar gida kuwa ga wata ƙatuwar tukunya sabuwa fil a kan murhu, da sunana ɓaro-ɓaro a jikinta. Ashe Hajiya ta kwashe gwangwanayen da na yi shekaru ina tarawa ta kai wa masu narka gwangwani su zuba tukunya.

"Ga kayanka nan, ban bari sun lalace ba," in ji ta. "Yanzu kowa ya san dalilin da kake tarawa, mai magana ya kama bakinsa."

Wallahi na ji kamar in yi kuka. Na rantse a raina ba zan ci abin da aka dafa a cikinta ba, sai dai dambu ne aka yi ranar, rantsuwar ba ta wuce magariba ba. Ina cikin ci, fuska a murtuke, ta zo ta ajiye wani abu a gabana.

"Wannan na ga kana sonsa, na hana a narka."

Dawisuna ne. Ta sa an yanke masa baki tsaf, don a cewarta cikinsa biyu shinkafar gidan nan ke nan daidai.

Hajiya ta rasu da daɗewa. Tukunyar har yau ba ta zama a gida, kullum ana aronta, daga gidan suna sai gidan biki, kuma ba ta taɓa ɓata ba saboda sunan. Dawisu yana cikin buhun shinkafa, matata ke awo da shi. Fentin ya goge a gefe guda, daidai inda Hajiya take ɗora babban yatsanta. Da a Ƙofar Ruwa na gan shi haka, ko kallonsa ba zan yi ba. Yanzu yaro ya taɓa shi ya gani.