Kwamfutar Yaya Jamaluddeen Ba Ta Buɗe Ba

Yayana Jamaluddeen malamin allo ne a Kurmin Mashi, kuma taurin kansa sai wanda ya zauna da shi. Tun muna yara ba ya wuce takarda mai sunan Allah a ƙasa, sai ya ɗauka ya sa a aljihu. Da na haɗa masa tsohuwar kwamfuta na sa mata manhajar Linux, halin nan ya bi shi har cikinta. Shekara da shekaru yana naɗar karatun Babanmu, bai taɓa goge ko aya ɗaya ba, har wadda tari ya ɓata. Wai aya ba a jefa ta kwandon shara, ko da na kwamfuta ne.

Ranar da jikin Baba ya rikice, baki ya riga ya mutu, sai nuni. Da ƙyar muka gane muryarsa yake son ji, ta lokacin da yake da ƙarfi. Yaya ya kunna kwamfutar, ya sa lambar sirri, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, sai 'yar kibiyar nan a tsakiya, ko motsi. Ya kashe ya kunna, haka. Ya kira ni ina ofis.

Na iske babu wuta, batirin saura ƙiris. Na bi ta baƙin shafin da ake rubuta umarni, ina zargin manhajar da ke zana hoto ce ta lalace. Na sake tayar da ita, ta sake ƙamewa. Ga numfashin Baba ina ji ta bayan labule. Da na duba wurin ajiya sai na ga ashe cike yake maƙil, babu inda za ta rubuta ko ɗigo, shi ya sa take tsayawa a bakin ƙofa. Na share tarkacen da na samu, bai isa ba.

Raina ya ɓaci, na faɗa masa wannan aikinsa ne, ya zaɓi karatu ɗaya mu goge. Ya ce sam. Na ce to a aika can unguwar Badarawa a kawo filas na kwamfuta mu kwashe a ciki. Ya kalli batirin, ya kalli labulen, ni ma na san zancen banza na yi.

Abu ɗaya ne a ciki wanda ba karatu ba, bidiyon matarsa Mardiyya, Allah ya jiƙanta, tana dariya ranar sunan 'yarsu. Babu shi a ko'ina sai nan.

"Goge shi, Hasiya," in ji shi.

"Yaya, ka yi tunani."

"Na yi. Goge."

Na goge, ina hawaye ina jin haushinsa. Kwamfutar ta buɗe kamar ba ita ba. Muryar Baba ta cika ɗakin, leɓensa suna bin karatun a hankali, Yaya na riƙe da hannunsa. Kafin la'asar Baba ya cika.

Bayan an watse daga zaman makoki, Yaya ya same ni a zaure, ya tambaya ƙasa-ƙasa ko abin da aka goge yana dawowa, don yarinyar ba ta san muryar uwarta ba. Na ce masa wani lokaci yana dawowa. Ni dai tun da nake aikin nan ban taɓa dawo da ko ɗaya ba.