Ɗigo a Tsakiyar Tafki

Shekara talatin da huɗu Ummu Sattar ta yi tana liƙa busassun ganyaye a jikin takarda, a ma'ajiyar tsirrai ta wata jami'a a Bagadaza. Manyan malamai su tsinko, ita ta liƙa, su sa hannu, ba ta taɓa damuwa ba. Mace ce mai faɗa, ga tsabar tsafta. Ka taɓa mata takarda da maiƙo a hannu, ranar sai ka gwammace ba ka zo aiki ba.

Takarda ɗaya take ji da ita kamar ranta: reshen bishiyar garab da aka tsinko a bakin kogin Jurf Sabta, ƙauyensu, kafin ruwan dam ya shanye shi. Gidajen da kabarin mahaifinta duk suna ƙarƙashin tafki. A wannan takarda kaɗai sunan ƙauyen ya rage.

Sai ga Dakta Lu'ayyu, sabon zuwa, zai zana taswirar duk inda garab ke tsirowa, kowane wuri da ɗigonsa da sunansa. Shi da hotunan takardun yake aiki a kwamfuta, ba ya buɗe kabad ɗin da ake ajiye su. Ta leƙa jerin sunayen, babu Jurf Sabta.

"Dakta, ina ƙauyenmu?"

"Na cire, Inna. Siraran ganye ne zalla a hoton, wannan wata bishiya ce daban, safsaf, ba garab ba. Wanda ya tsinko ya yi kuskure."

"Kuskure? Bishiyar da na yi lilo a jikinta? Taso, ɗana, kujerar nan ba guduwa za ta yi ba."

Ta jawo takardar, ta nuna masa 'yar ambulan da ke liƙe a kusurwa, wadda mai hoto bai buɗe ba. Garab ganye iri biyu gare shi, na ƙasa siriri, na sama mai faɗi. Masu faɗin sun kakkaɓe a hanya, ita da hannunta ta adana su nan a shekararta ta farko a wannan aiki. Ya buɗe a hankali. Ga su nan guda uku, lafiya ƙalau.

Dakta ya sosa ƙeya. "Wallahi kin kayar da ni, Inna." Ya koma kan kwamfuta, sai ya dakata. "Amma fa ɗigon a tsakiyar tafki zai faɗa. Za a ce na zare."

"Su ce mana! Sa shi nan, ka rubuta sunan da kyau."

Ya sa. Ta gyara tabarau, ta karanta Jurf Sabta ɓaro-ɓaro a kan shuɗin ruwa. Daɗi ya cika ta, ta rangaɗa guɗa har ma'aikatan da ke ƙasan bene suka hauro a guje.