Ƙasar sawun da Inna ta ƙulle

Jiya ina gyara wa Inna ɗaki a Gashua, sai na tsinci ƙullin ƙasa a akwatinta.

Ranar da na raka yayana zai tafi karatu Masar, ta ɗebi ƙasar sawunsa a bakin ƙofa don ya dawo. Shekara tara ke nan, shiru.

Ni kuwa sau uku ina samun gurbin karatu a waje, sau ukun nan zazzaɓi ke kayar da ni kafin motar Kano ta wuce Nguru.

Na ce, "Inna, anya ba sawuna kika ɗiba bisa kuskure ba?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wa ya ce maka kuskure ne?"

Ƙullin na aljihuna. Jama'a, in ku ne, za ku kwance?