Geron Tantabarun Sani

Ni da na kwashe shekaru ina koya wa mutane dabarun rage mantuwa, zai zama abin kunya in manta da ranar da Sani ya wuce surukinsa a ƙofar gida bai durƙusa ya gaishe shi ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku bari in ba ku labarin tun daga tushe, domin na ga wasunku sun fara daka wa iyayen yara tsawa a kan mantuwa.

Bayan abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da wasu ƙauyukan Anka, aikinmu ya koma can kacokan. Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta karkara, wato mu ne na ƙasa da nas-nas, masu shiga gida-gida. Tsarin aikin ba shi da wuyar ganewa. A gwada jinin yaro, in dalma ta yi yawa likitoci su ba shi magani, a kankare ƙasar gidansu a zuba sabuwa, daga nan a riƙa sake gwaji lokaci-lokaci. Nawa aikin shi ne hana dalmar dawowa, kuma yawanci a jikin iyaye maza take dawowa. Mutum zai wuni wurin injin niƙa dutsen zinari, garin dutse mai ɗauke da dalma ya rufe shi fat tun daga hula har takalmi, ya dawo gida ya rungumi ɗansa. Shi ya sa muke nanata wa maza magana ɗaya: ka yi wanka a waje, ka sauya kaya, sannan ka taka zaure.

A wani ƙauye da ke kusa da Abare na haɗu da Sani. Mutumin kirki ne, ga fara'a, ga haƙuri, amma ban taɓa ganin mai mantuwa irinsa ba. An ce ya taɓa zuwa kasuwar Anka a kan babur ɗinsa, ya dawo a motar haya, sai da aka tambaye shi ina babur ya dafe kai. Yana da mata ɗaya, Kulu, da 'yarsu Balki, wadda a lokacin take koyon magana, sai kuma mahaifiyarsa da kowa yake kira Inna. Balki ta sha magani, jininta ya yi kyau, an gyara gidan. Da aka sake gwaji, dalma ta ƙara hawa. Aka sake magani, ta sake hawa.

Ba irin dabarar da ban gwada ba. Na kai masa takarda mai hoton mutum yana wanka, Kulu ta ga ta yi kyau ta manna ta can ƙuryar ɗaki kusa da jerenta. Aka raba wa maza wasu kaya masu kauri don su riƙa sa wa wurin aiki kawai. Sani da abokansa suka ga kaya sababbi fil, ga aljihu har a gwiwa, suka ce wannan ya fi ƙarfin ƙura. Da su suka je masallacin Juma'a. Na ɗaura masa zare a yatsa, washegari ya tare ni a hanya yana murmushi.

"Malama, zaren ga da kinka ɗaura min, na mi na?"

Na koma ofis na kai ƙararsa wurin shugaban sashenmu, wani dattijo mai sanyin magana. Na ce mutumin nan ba ya son 'yarsa, a bar ni da shi in wanke shi tas a gaban jama'a.

Ya ce, "Kin yi masa faɗa a baya?"

Na ce, "Har muryata ta dishe."

"To me ya canza?"

Na ce babu abin da ya canza. Ya ce in koma in tambayi mutanen gidan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin in koma, magana ta riga ta yi nisa. Mahaifin Kulu, Malam Ummaru, mutumin Gummi ne, kuma ba ya magana biyu. Ya aiko cewa yana nan tafe ya gani da idonsa, in ya tarar ana shiga wa jikarsa da ƙura zai kwashe Kulu da Balki ya tafi da su, ba kuma ranar dawowa. Na tarar da Kulu ta yi zugum, idanu sun kumbura. Ita ba ta son barin ɗakinta, amma kunya ba ta barin ta ta dubi maigidanta ta ce masa koma ka yi wanka. Kuma ko ta faɗa, kafin ta buɗe baki Balki ta riga ta ɗafe masa ƙafa.

Na zauna kusa da Inna tana tsinkar zogale. Maimakon in tambaye ta abin da Sani yake mantawa, wanda ko gobe ba za mu gama ƙirgawa ba, sai na tambaye ta ko akwai abin da bai taɓa mantawa ba.

Ta kwashe da dariya. "Tattabarunai mana! Yaron ga tun shina ƙarami, ko gobara ta tashi sai ya ba su gero. Ranar da anka ɗaura mai aure ma sai da anka jira shi."

Ashe a bayan ɗakin Inna akwai ɗakin tantabaru, tsofaffin tukwane a jere a kan katanga. Kullum Sani ya dawo daga wurin inji, kafin magariba, ƙafarsa da kanta take kai shi wurin ƙwaryar gero, ya ɗiba ya watsa musu. Ba ya tunani, ba a tuna masa. Hausawa sun ce sabo turken wawa. A ranar na ce a raina, in dai turke ne, bari mu ɗaura wata akuyar a jikinsa.

Muka sa aka kafa ɗan kewaye na zana a waje, gefen zaure, aka ajiye randa da bokiti. Muka ɗauko ƙwaryar gero daga cikin gida muka kai ta can, muka rufe ta da faifai, muka ɗora wankakkiyar riga da wando a kai, a samansu kuma soso da sabulu. Duk wanda yake son gero sai ya ɗaga sabulu, ya ɗaga riga. Aikin Kulu shi ne cika randa da ajiye kayan kowace la'asar, ba sai ta ce uffan ba. Na kuma ce wa Sani duk ya ɗaga sabulun ya faɗa da bakinsa, da ƙarfi, "Wanka, riga, gero." Abin da baki ya faɗa kuma hannu ya taɓa ya fi zama a kai.

Na zaci zai yi dariya, domin shi komai abin dariya ne. Sai na ga ya sunkuyar da kai.

"Malama, ashe haka nike? In tuna da tsuntsu, in mance da ɗiyata?"

Wallahi sai da zuciyata ta karye, na ji tausayinsa ƙwarai. Na ce masa tantabaru sun riga Balki zuwa da shekaru, shi ya sa ƙafarsa ta san hanyarsu. Yanzu su za su nuna masa hanyar Balki.

Kwanakin farko an sha kallo. Sai ya shigo tsakiyar zaure, ya tuna gero ba ya ciki, ya juya da gudu. Yaran unguwa suka ɗauki maganar suka mai da ita waƙa, da sun hango babur ɗinsa sai su bi shi suna tafi, "Wanka, riga, gero!" Bai ji haushi ba, har rawa yake taka musu. Kafin wata ya ƙare, ƙafarsa ta daina nufar zaure, kai tsaye take yin kewaye.

Malam Ummaru bai faɗi ranar zuwansa ba. Wata Laraba na je duba gidan da la'asar sakaliya, sai na tarar da mota a ƙarƙashin bishiya, da wani dattijo mai farin gemu a kan tabarma a ƙofar zaure, Balki a cinyarsa. Dattawan unguwa sun kewaye shi. Da motar ɗaukar kaya ya zo, kun ga kuwa ba da wasa ya zo ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar, na koma gefe.

Ku da kuka taso a birni, ku gane girman abin. A wajenmu, in mutum ya hango surukinsa, tun daga nesa zai cire takalmi, ya zo ya durƙusa gabansa, ya jero gaisuwa har sai an ce ya isa. Ba a wuce suruki. Wanda ya yi haka za a daɗe ana ba da labarinsa a kasuwa. Ni kuma na san in Sani ya durƙusa a bakin tabarmar nan, Balki za ta faɗa jikinsa, ga kaka yana kallo.

Can sai ga ƙarar babur. Sani ya sauko fari fat kamar an tsamo shi daga buhun gari. Ya hango surukinsa, ya tsaya cak, ya tuɓe takalmi. Ya yi taku biyu wajen tabarma. Balki ta zame daga cinyar kakanta ta miƙa hannu tana "Baba! Baba!" Ni dai na rufe ido.

Sai na ji murya da ƙarfi: "Wanka, riga, gero!"

Na buɗe ido na ga Sani ya kauce wa yarinyar, ya yi kwana, ya zura cikin kewaye yana cewa, "Baba a gahwarce ni! A riƙe ta, kar ta taɓa ni!" Inna ta fito ta cafe Balki. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a bayan zana. Wani dattijo ya yi salati a hankali. Fuskar Malam Ummaru ta haɗe kamar hadari.

"Wagga wace irin tarbiyya ta? Ni za a wuce kamar kututture?"

Na matso na durƙusa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Farin da kunka gani a jikinai shi na ciwon Balki. Da ya zo gaishe ku, da shi za ta runguma."

Ya dubi yarinyar, ya dubi kewayen, ya ci gaba da jan carbi.

Jim kaɗan Sani ya fito tsaf cikin wankakkiyar riga, ƙwaryar gero a hannu, tantabaru sun cika katanga suna jiransa. A karo na farko a rayuwarsa ya bar su suna jira. Ya ajiye ƙwaryar, ya zube gaban surukinsa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya fara jero gaisuwa da ban haƙuri. Balki ta ƙwace daga hannun Inna ta haye bayansa.

Malam Ummaru ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Tashi, Sani. Tun da nike, ba a taɓa wuce ni ba sai yau. Kuma ban taɓa samun gaisuwad da ta kai wagga ba." Ya juya wajen direba ya ce ya je ya kwana, gobe su koma Gummi su biyu kamar yadda suka zo. Daga cikin gida muka ji guɗar Inna. Da lokacin gwaji ya zagayo, dalmar jinin Balki ta sauka, kuma ba ta sake hawa ba har aka sallame ta.

Daga nan na canza yadda nake aiki. Duk gidan da na shiga, tambayata ta farko ita ce me mutum ba ya mantawa. Wata uwa a jikin tukunyar kokon safe muka ɗaura mata maganin ɗanta, wani tsoho kuma a kan rediyonsa. Kowa yana da nasa turken, aikinmu mu nemo shi.

Don haka in uwa ko uba suka ce muku sun manta, kada ku yi saurin cewa ba su damu ba. Ni na faɗi haka a kan Sani, a ofis, da bakina. Mutumin da na ce ba ya son 'yarsa shi ne ya yarda garinsu duka su kira shi marar tarbiyya, don kada ƙura ta taɓa ta.